Watan Da Ban Yi Fashin Sallah Ba

Litinin, bayan sallar asuba

Na fito daga banɗaki da alwalata, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannuna, sai ga maigidan tsaye a ƙofar kicin. Butar ruwan zafi a dama, robar da nake ɗorawa a mara a hagu, har ya kwance murfinta. Bawan Allah ba ya duba kalanda. Shekara tara muna tare, ya haddace makon da nake kwanciya kamar yadda ya haddace kukan firjin da ya kusa mutuwa. Firji da fanka yake gyarawa a rumfarsa ta bakin titi, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya, har ni.

Ya dubi hannuwana, ya dubi dardumar da na shimfiɗa.

“Sallah za ki yi?”

Na ce, “E.”

Ya ajiye butar a hankali. Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban ƙara ba. Muna da doka a gidan nan. A shekarun farko, da al'adata ta yi jinkirin kwana biyu sai mu hau murna, har suna yake zaɓa, sannan jini ya zo ya ba mu kunya. Ranar da na yi kukan da ya tsorata shi muka yi alkawari: ko wata nawa ya ɓata, babu mai furta kalmar nan sai likita ta furta da bakinta.

To yau dokar ta rufe masa baki. Amma na ga idonsa.

Ni na san abin da ya hana jinin zuwa. Yana shago, cikin gwangwanin duwatsun kitso, a ƙarƙashin jajayen.

Litinin, da rana, a shago

Anti mai shagon ta fita sayen man kitso, ba kowa, bari in rubuta.

Ciwona yana da suna, dogo, sai da likita ta maimaita min sau uku: endometiriyosis. Ta ce irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne ya fita yawo, ya tsiro a kan hanji da wajen ƙwai da duk inda ya ga dama. Duk wata shi ma sai ya yi nasa jinin, ga shi ba ƙofar fita. Shi ke murɗe ni, shi ne kuma ya tare hanyar haihuwa. An taɓa yi min aiki an kankare, ya dawo kamar ciyawar damina.

Bara likita ta ce akwai ƙwaya, kullum ɗaya. Tana tsayar da al'ada, ciwon ya kwanta, amma muddin ana sha a cire rai da samun ciki. Injiniya na zaune a gefena. Bai hana ba, kar in yi masa sharri. Cewa ya yi, “Likita, mu ɗan ƙara gwadawa tukuna, ko Allah zai sa.” Ya juyo ya dube ni, ni kuma na gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa.

Watan jiya na bar kan wata amarya rabi a kitse rabi a tsefe, na je na zube a banɗakin shago, ga amai ga jini. Ina kwance a kan siminti ina jin uwar amaryar tana ce wa Anti, “In ba ta da lafiya ta zauna a gida mana, dole ne?” Ranar da na iya miƙewa na tafi asibiti ni kaɗai, na ce wa likita ta ba ni.

Wata uku kawai, haka na ce wa kaina. In huta wata uku, in ji yadda sauran mata suke ji, in daina. Wa zai sani? Kwata-kwata na manta da butar ruwan zafi.

Laraba, da yamma

Hanyar shago biyu ce. Akwai gajera ta bayan makarantar firamare, duk ramuka, akwai doguwa mai kwalta da ta zagaya ta gidan mai. Tun da na fara aiki ta gajerar yake kai ni a babur, yana gudu kamar an biyo shi. Yau ya bi doguwa, yana tafiyar da har mai keke ya wuce mu yana waiwaye.

Na ce, “Injiniya, mai ne ya ƙare ko ƙarfi?”

Ya ce, “Ke dai riƙe ni da kyau, Mai Kitso. Gaggawa aikin shaiɗan ce.”

Na yi dariya. Sannan na ɓoye fuskata a bayansa.

Alhamis, da safe

Ya ƙwace bokiti daga hannuna. Bokitin ma rabi ne.

Asabar, da hantsi

Dama likita ta gaya min ƙwayar na iya tayar da zuciya a makonnin farko. Yau ƙamshin sabulun wanki ya juya min ciki, na ruga bayan ɗaki ina kakari. Da na dawo na tarar da lemon tsami a yanke a kan faranti, shi kuma yana tsakar gida yana wanke babur yana fito. Fito! Mutumin da rabona da jin fitonsa tun muna sabon aure.

Ban yi masa ƙarya ba. Ko kalma ɗaya ban faɗa ba. Na maimaita wannan a raina ina shan lemon, bai hana shi ɗaci ba.

Talata, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan ko da zunubi ne.

Kai uku na kitse yau, ɗaya ƙanana ne har gadon baya. Tun safe ina kan 'yar kujera ban miƙe ina dafe ƙugu ba. Na shiga banɗaki na fito ban ciji ɗankwali ba. Wata mai jego ta ce in rubuta ta ranar ashirin ga wata, na ce to, ban tsaya lissafin ko ranar ina kwance ba. Na saka farin siket ɗin da ya shekara uku a ƙasan akwati. Da muka tashi na share shago, Anti ta leƙo ta ce, “Wace ce ke waƙa? Ke? Dama kina da murya?”

Ashe haka mutane suke rayuwa. Ashe mace na iya tashi da safe ba ta fara tambayar mararta izini ba.

Na ji daɗi. Allah ka yafe min, na ji daɗi ƙwarai, kuma ba na so ya ƙare.

Alhamis, da azahar

Anti ta gani. Wata yarinya ce ta ce jajayen duwatsu take so, ina wankin kai, Anti ta zazzage gwangwanin a kan tire. Ba ta ce komai ba sai da shago ya watse, sannan ta ja labule ta ajiye min katin ƙwayoyin a cinya.

“Ni da nake ta kallonki ina cewa a raina ƙanwata ta yi ɓatan wata, har na fara tunanin wa zan ɗauka in kin tafi jego. Ashe wannan ce.”

Na gaya mata komai. Ta saurara tana cire gashi daga mataji.

“Sha kam ki sha, wallahi ban ga laifinki ba. Ni na ɗauke ki daga simintin can, na san abin da na gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma mijinki fa? Jiya da ya sauke ki sai da ya riƙe miki jaka har bakin ƙofa kamar wata matar gwamna. Me kike tsammani yake tunani?”

Na ce ban ce masa ina da komai ba.

“Kin ce masa ba ki da komai?”

Na mayar da katin cikin gwangwani.

“To. Ki gaya masa tun abin bai yi nisa ba. Ƙarya fure take, ba ta…” Sai ta kama bakinta da hannu. “Kai, suɓutar baki ce. Yi haƙuri, ƙanwata.”

Na ce ta ƙarasa, ai gaskiya ce.

Juma'a, da safe

Yau zan gaya masa.

Juma'a, bayan magariba

Ya kawo kankana.

Lahadi, da hantsi

Shekara nawa ina juya masa baya saboda zafi, yana haƙuri, bai taɓa ɗaga min murya a kan haka ba. Wani lokaci ina daurewa, shi kuma ya ga hawayena ya fasa. Yanzu da jikina ya sake, yanzu da zan iya matsawa kusa da mijina ba tsoro, shi ne ya kwashi filo ya koma tabarma. Wai yana yawan juyi, kar ya buge ni cikin barci.

In dariya zan yi ban san ta inda zan fara ba.

Ƙaramin ɗakinmu na kusa da kicin ya daɗe da zama maƙabartar fankoki. Yau tun safe yake fito da su, kawuna daban, ƙafafu daban, da wani tsohon injin firji da ya ce zai yi amfani wata rana. Na tsaya a ƙofa na ce me ya faru. Ya ce, “Datti ne ya yi yawa kawai.” Ya ƙi haɗa ido da ni don kar murmushinsa ya karya doka. Har da auna taga ya yi da igiya, wai raga zai sa saboda sauro.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Sai na ji kaina ina tambayarsa ko zai sha shayi.

Laraba, da yamma

Inna ta zo, mahaifiyarsa. Na dawo daga shago na tarar ta wanke min kaya ta shanya, har na ciki. Matar da gwiwa ke damunta.

Ya rantse bai gaya mata ba, kuma na yarda. Ta ce, “Wane gaya min? Ni na haife shi. Ya zo gaishe ni yana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukarsa, na tambaye shi lafiyarki ya kama sosa ƙeya. Ruwa ba ya tsami banza.”

Ta zaunar da ni a gefen gado ta kama hannuna. Ni da Inna ba ma faɗa, amma ba mu taɓa irin wannan zaman ba.

“'Yar nan, akwai maganar da na taɓa yi, ta tsaya min a rai. Na ce kowace mace na al'ada, ke ce kika mai da taki sarauta. Na ce son jiki ne. Ban sani ba, wallahi ban san haka kike sha ba sai ranar da na gan ki bayan aikin nan. Kunya ta hana ni buɗe baki. Yau da Allah ya dube ki, na ce bari in zo in nemi gafara tun ina da rai. Ki yafe min.”

Shekara da shekaru ina jiran wannan maganar. Na sha tsara yadda zan amsa, har da irin kallon da zan yi mata. Ga ta ta zo, kuma ba tawa ba ce, ta jikan da babu ce.

Na ce, “Inna, ba ki yi min komai ba.” Na fashe da kuka. Ta rungume ni tana cewa laulayi ne, haka yake sa mutum kuka ba dalili.

Na shiga uku.

Alhamis, da rana

Ban buɗe gwangwanin ba yau. Aiki ne ya yi yawa.

Juma'a, da rana

Yau ma.

Asabar, da la'asar

Anti ta ce, “Kin sha?” Na ce e. Ita kam na yi mata ƙarya da baki, ba zagaye-zagaye.

Ba aiki ba ne. Tun da ni kaɗai ke karanta wannan, me nake ɓoyewa? Likita ta ce in aka tsallake kwanaki jini zai iya zuwa. In ya zo, ya zo ke nan. Mata nawa ne suke ɓari? Za a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, Inna ta koma gida da gafararta, ɗakin ya sake cika da fankoki. Ba wanda zai ji kunya. Ba wanda zai dube ni ya ce, ke kika zaɓa.

Na karanta abin da na rubuta. Ban san matar nan ba.

Litinin, da safe, a shago

An rufe doguwar hanya, ana haƙa don sa bututun ruwa. Dole ya bi ta bayan makaranta. Yana ta kauce-kauce, ƙafarsa ɗaya a ƙasa, sai wata mota ta matse mu, tayar baya ta faɗa babban ramin da ke daidai ƙofar makarantar. Ba wani abu ba ne, na ɗan yi sama na dawo, a da kullum haka muke yi ina zaginsa yana dariya.

Ya tsaya cak. Ya sauka ya zagayo, fuskarsa ta yi fari.

“Kin ji wani abu? Gaya min gaskiya, kin ji wani abu?”

Na ce ko kaɗan. Tura babur ɗin ya yi da ƙafa har shago, ina kai a zaune, yara 'yan makaranta na kallonmu.

Marata ta fara nauyi tun jiya. Na san wannan nauyin.

Laraba, da hantsi

Jinin ya zo jiya da azahar, ina tsakiyar tsifa. Ya zo da fushinsa duka, kamar mai rama hutun da na yi. Anti ta kira Injiniya a waya, ta samo mota. Da za a fita da ni ta dubi gwangwanin, ta dube ni. Ba ta ce komai ba, gara ma ta zage ni.

Ya ce asibiti. Na ce gida. Ya roƙe ni, na ce gida, na san abina, ba abin da za su yi min. Ina tsoron likita ta buɗe baki ne a gabansa.

Ya dafa ruwa ya cika robar, garin sauri har ya ƙone yatsa. Ya ɗora min a mara, ya durƙusa a gaban gado, ya kifa goshinsa a kan katifa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da babansa ya rasu a waje ya yi abinsa ya dawo.

“Ramin nan ne,” ya ce. “Na gan shi. Na gan shi sarai, na ce zan iya wucewa. Da na sauke ki kin taka da ƙafa. Shekara tara muna roƙo, aka ba mu, ni na zubar da hannuna. Ki yafe min, Mai Kitso.”

Wannan ban lissafa da shi ba. Na lissafa jaje, na lissafa Inna, ban lissafa rami ba.

Na ɗora hannu a kansa. Na ce, “Ƙaddara ce.”

Abin da na ce ke nan.

Laraba, da yamma

Ciwo. Na gode wa Allah da ciwon, ya fi sauƙi.

Alhamis, da azahar

Ya lulluɓe babur da tamfol ya tafi aiki a ƙasa. Abincin jiya yana nan a rufe yadda na bar shi.

Inna ta zo ta zauna a bakin gado tana jan carbi. Ta ce wanda ya ba da wannan zai ba da wani, tun da hanya ta buɗe ai shi ke nan. Ta ce in lallashi ɗanta, ya je wurinta yana maganganu kamar zautacce. Ni in lallashe shi.

Juma'a, da la'asar

Anti ta zo. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa.

“Ba dubiya na zo ba. Zuwa na yi in gaya miki abin da na gani. Na biyo ta bayan makaranta, na ga mijinki da baro da shebur, cikin ranar nan, yana cike rami da ɓaraguzan bulo. Shi kaɗai. Masu wucewa na ta sa masa albarka, an ɗauka aikin lada yake. Na yi masa sallama bai ma gane ni ba.”

Na ce, “Anti, ya zan yi?”

“Ni kike tambaya? Ciwonki ba ke kika ɗora wa kanki ba, kuma ko gaban wa zan tsaya miki a kan maganin nan. Amma wannan da yake ɗauke da shi, ke kika ɗora masa. Ki sauke masa. In ya so ya sake ki, ki zo ɗakina akwai katifa.”

Ta tafi ta bar ƙofa a buɗe.

Asabar, da safe

Na faɗa.

Jiya ne, da ya dawo gab da magariba, ƙura har gira, tafin hannunsa duk ya yi ƙulu. Na ce ya zauna. Na fara daga simintin banɗakin shago, na bi da shi har gwangwani, har kwanakin da na tsallake da dalilin da ya sa na tsallake. Wannan na ƙarshen ne ya fi wuya, na so in bar shi, ban bari ba.

Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

“Wato babu kowa.”

Na ce babu.

“Tun farko.”

Na ce tun farko.

Na zaci zai yi ihu, na ma so ya yi. Sai ya sauke wata irin ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauko, ya ce, “Alhamdu lillahi. Ban kashe kowa ba.” Ya faɗa sau biyu. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake wa kayan da aka kawo masa gyara bayan wani ya riga ya buɗe ya ɓata.

“Da kin ce min kin gaji, me kike tsammani zan yi? Duka?”

Na ce, “Cewa za ka yi mu ɗan ƙara gwadawa. Ni kuma in gyaɗa kai.”

Bai musa ba. Aka kira sallah, ya tashi ya fita.

Litinin, da yamma

Ina kwana, lafiya lau. Sannu da zuwa, yauwa. Iyakarmu ke nan.

Laraba, da rana, a shago

Na koma aiki. A ƙasa na zo, ta bayan makaranta. Ramin ya cike tsaf, har ya daddaɓe shi ya yi daidai da hanya. Aikinsa ba ya yin rabi. Na tsaya a kai kamar wata sakara har wani mai mota ya yi min hon.

Ban taɓa gwangwanin ba. Ban san ko ina da ikon taɓawa ba. Wata mai zuwa yana nan tafe, na san me ke cikinsa, wani sashe na zuciyata na cewa ya yi daidai, ki sha azabarki, kin ci bashinsa.

Wata mata da nake wa kitso ta ce, “Har yanzu shiru, ko?” Kanta na tsakanin gwiwoyina. Na ce shiru. Ban ja mata gashi ba, ko da yake na yi niyya.

Alhamis, bayan azahar

Da safe ya yaye tamfol ya ce in hau. Ban tambayi ina ba. Asibiti ya kai ni.

A gaban likita shi ya yi magana. Ya ce ta sake yi masa bayanin ciwon daga farko, wancan karon kunnensa ɗaya ne kawai ke ji. Ta yi. Ya ce in na ci gaba da shan ƙwayar, ƙofa ta rufe ke nan har abada? Ta ce ba ƙwayar ke rufe ta har abada ba, ana iya dainawa in an shirya, amma ciwon ya riga ya ƙuntata ta ƙwarai, ba za ta yi mana alkawarin da ba ta da iko a kai ba. Ya ce in ban sha ba fa? Ta ce, “Kai ka fi ni sani, kai ke dafa ruwan.”

A hanyar dawowa ya tsaya a ƙofar shago ya ce in jira. Ya shiga, na hango shi ta labule yana magana da Anti. Ya fito yana sa wani abu a aljihu.

Juma'a, bayan sallar asuba

Na idar da sallah ina zaune a kan darduma, ya shigo ya zauna a bakin gado. Ya ciro katin ƙwayoyin daga aljihu ya ajiye a kan teburin da muke ajiye robar ruwan zafi.

“Magani ba ya zama cikin duwatsun kitso. Nan ne wurinsa.”

Na tsura wa katin ido.

“Inna ni zan gaya mata. Ba ke ba. Zan ce mata shawararmu ce, ni da ke, don daga yau hakan ne. Maganin ban riƙe ki da shi ba. Ni ma da laifina, na ga kina gyaɗa kai na yi kamar ban san me yake nufi ba. Amma kwana ukun nan da kika bar ni da ramin nan, Mai Kitso, ban san ranar da za su fita daga raina ba. Ba zan ce miki na yafe ba alhali ban yafe ba tukuna.”

Na ce ban nema ba, ban kai ba.

Ya juya katin a hannunsa yana kallon guraben da na ɓalle.

“Waƙar nan da kike yi kina shara kwanakin baya. Ta wannan ce?”

Na ce e.

“Na ɗauka ta yaron ce.” Ya goge fuska da tafin hannu, wanda ƙulun bai gama warkewa ba. “Shekara tara muna gida ɗaya, ban san kina waƙa ba.”

Ya tashi ya shiga kicin. Na ji ƙarar buta, na zaci sabo ne ya kai hannunsa. Sai ga shi da kofi, ruwan sanyi ne a ciki.

Na ɓalle ɗaya na haɗiye. Bai kalle ni ba, taga yake kallo. Amma shi ya miƙo kofin, kuma ya tsaya har na shanye ya karɓa.